Lissafin Bolteji a Kan Kafasitoci: Haɗin Jerin Gwano da Haɗin Kafaɗa da Kafaɗa

1.0 Gabatarwa

Duk gidan da ke da fankar sama ko rediyo ko talabijin ko cajar waya, to akwai kafasita a cikinsa. Idan fanka ta ƙi tashi sai an tura ta da sanda, abin da mai gyara yakan fara zargi shi ne kafasitarta. Sau da yawa kuma mai gyaran ba ya samun daidai girman da yake nema a kasuwa, sai ya haɗa biyu ko uku domin su tsaya a madadin guda ɗaya. A nan ne lissafi yake zama dole, domin haɗin da aka yi shi da ka yana iya jawo fashewar kafasita da asarar na'ura, wani lokaci ma har da jin ciwo.

A wannan darasi za a yi bayanin ma'anar kafasita da ma'aunan da ake auna ta da su. Daga nan za a kawo hanyoyi biyu da ake haɗa kafasitoci, da yadda ake gano yawan boltejin da ke kan kowace ɗaya daga cikinsu, tare da misalai waɗanda malami zai iya warwarewa a kan allo.

1.1 Ma'anar Kafasita

Kafasita wata ƙaramar na'ura ce da ke ajiye cajin lantarki na ɗan lokaci, ta kuma sake shi idan an buƙata. Ginin jikinta ya ƙunshi farantan ƙarfe guda biyu masu fuskantar juna, da wani shamaki a tsakaninsu wanda lantarki ba ya ratsa shi, kamar takarda ko roba ko gilashi ko iska. Idan aka jona ta da batir, sai batirin ya janye ƙwayoyin ilektiron daga faranti ɗaya ya tara su a ɗaya farantin. Farantin da aka tara wa ƙwayoyin shi ke ɗaukar alamar ɗebewa (−), wanda aka janye wa kuma ya ɗauki alamar tarawa (+). Yawan cajin farantan biyu daidai yake, alamarsu ce kawai ta bambanta.

Kafasita ta farko ita ce wadda ake kira kwalbar Leiden. Mutane biyu ne suka gano ta tsakanin shekarar 1745 da 1746, kowa a nasa wuri, wato Ewald Georg von Kleist a ƙasar Jamus, da Pieter van Musschenbroek, malami a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan. Daga baya aka riƙa lulluɓe kwalbar gilashin da fallen ƙarfe ciki da waje, gilashin ya zama shi ne shamaki. A shekarar 1782 Alessandro Volta, mutumin Italiya, ya raɗa wa irin wannan na'ura sunan da ya haifar da kalmar kondensa, wadda wasu kanikawa da masu gyaran rediyo suke kiran kafasita da ita.

1.2 Ma'aunai Uku da Dangantakarsu

Abubuwa uku ne ake aunawa a jikin kafasita.

Na farko shi ne caji, wato yawan lantarkin da aka tara a kan faranti. Ana auna shi da kulom, daga sunan Charles-Augustin de Coulomb, Bafaranshe (1736–1806). Alamarsa a lissafi ita ce Q.

Na biyu shi ne bolteji, wato bambancin matsin lantarki tsakanin wurare biyu, a nan tsakanin farantan biyu. Ana auna shi da bolt, daga sunan Volta. Alamarsa V.

Na uku shi ne ƙarfin ajiya, wato yawan cajin da kafasita take iya riƙewa a kan kowane bolt guda. Ana auna shi da farad, daga sunan Michael Faraday, mutumin Ingila (1791–1867). Alamarsa C. Farad guda ma'auni ne mai girma ƙwarai, don haka a kayan lantarki na yau da kullum an fi amfani da maikrofarad (µF), wato kashi ɗaya cikin miliyan na farad. Idan aka yi lissafi da maikrofarad da bolt, amsar caji za ta fito ne a maikrokulom (µC).

Haruffan Q da V ba sa cikin abacadar Hausa, amma da yake alamomi ne da duk duniya ta amince da su a fagen lissafi, ana barin su yadda suke. Dangantakar ma'aunan uku ita ce:

Q = C × V

Ma'ana, caji shi ne ƙarfin ajiya sau bolteji. Idan aka juya ƙa'idar, za a sami V = Q ÷ C. Duk lissafin da zai biyo baya a kan wannan ƙa'ida aka gina shi.

Za a iya kwatanta wannan da zuba ruwa a cikin mazubi. Yawan ruwan da aka zuba shi ne caji, faɗin mazubin shi ne ƙarfin ajiya, tsawon da ruwan ya kai kuma shi ne bolteji. Kofin ruwa guda zai tashi sama sosai a cikin siririyar kwalba, amma idan aka juye shi a daro, da ƙyar zai rufe gindin daron.

2.0 Haɗin Kafaɗa da Kafaɗa

A wannan haɗi ana jera kafasitoci ne gefe da gefe. Ƙafafunsu na ɓangare ɗaya duk suna haɗuwa a waya guda wadda ta tafi kan batir mai alamar tarawa, na ɗaya ɓangaren kuma suna haɗuwa a wata wayar da ta tafi kan mai alamar ɗebewa. Ke nan kowace kafasita tana taɓa kawunan batirin biyu kai tsaye.

Tun da bolteji bambancin matsi ne tsakanin wurare biyu, kuma dukkan kafasitocin wurare biyun nan suke taɓawa, to boltejin da ke kansu iri ɗaya ne, kuma shi ne na batirin:

V = V1 = V2 = V3

Misalin wannan shi ne tankunan ruwa uku masu faɗi daban-daban da aka haɗa gindinsu da bututu guda. Tsawon ruwa a cikinsu zai daidaita, sai dai mafi faɗi zai fi cin ruwa. Haka cajin yake rabuwa gwargwadon ƙarfin ajiyar kowace kafasita. Jimillar ƙarfin ajiyar kuwa ana samun ta ne ta hanyar tarawa:

C = C1 + C2 + C3

Misali na 1: An haɗa kafasitoci uku masu maikrofarad 2 da 3 da 5 kafaɗa da kafaɗa a kan batir mai bolt 12.

Boltejin kowace ɗaya bolt 12 ne. Cajin ta farko 2 × 12 = 24 µC, na ta biyu 3 × 12 = 36 µC, na ta uku 5 × 12 = 60 µC. Jimillarsu 120 µC. Don a tabbatar da amsar, sai a tara ƙarfin ajiyarsu, 2 + 3 + 5 = 10 µF, a ninka da bolt 12. Abin da zai fito 120 µC ne, daidai da na farko.

3.0 Haɗin Jerin Gwano

A wannan haɗi kafasitoci suna bin juna ɗaya bayan ɗaya a kan hanya guda. Ƙafar ta farko tana kan batir, ɗaya ƙafarta tana haɗe da ta biyu, ta biyu da ta uku, har ta ƙarshe ta koma ɗaya kan batirin. A nan cajin ne yake zama iri ɗaya, bolteji kuma ya rabu.

Dalilin daidaiton cajin yana buƙatar a fahimce shi da kyau. A ɗauki kafasitoci biyu a jere. Farantin dama na ta farko da farantin hagu na ta biyu suna haɗe da 'yar waya, amma shamaki ya raba su da batir ta kowane gefe, sun zama kamar tsibiri. Babu ilektiron da zai shigo wannan tsibiri daga waje, babu kuma wanda zai fita. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin su yi ƙaura daga faranti ɗaya na tsibirin zuwa ɗayan. Duk abin da wannan ya rasa, shi wancan ya samu. Saboda haka, muddin kafasitocin ba su da caji kafin a haɗa su:

Q = Q1 = Q2 = Q3

Game da bolteji kuwa, a shekarar 1845 Gustav Kirchhoff, Bajamushe, ya fito da ƙa'idar da ta nuna cewa idan aka zagaya da'irar lantarki aka dawo inda aka fara, jimillar boltejin da ke kan kayan da'irar daidai take da wanda batir ya bayar:

V = V1 + V2 + V3

Idan aka musanya kowane V da Q ÷ C, sannan aka soke Q tun da iri ɗaya ne a ko'ina, sai a sami ƙa'idar jimillar ƙarfin ajiya:

1/C = 1/C1 + 1/C2 + 1/C3

Jimillar da wannan ƙa'ida ke bayarwa kullum ba ta kai ko mafi ƙanƙanta daga cikin kafasitocin ba. Hakan yana faruwa ne domin jera su tamkar ƙara kaurin shamaki ne tsakanin farantan waje guda biyu, kuma duk sa'ad da farantai suka ƙara nisa da juna, ƙarfin ajiya raguwa yake yi.

3.1 Matakan Lissafi

Matakai huɗu ake bi wajen gano boltejin kowace kafasita a jerin gwano:

(a) A nemo jimillar ƙarfin ajiya.
(b) A ninka jimillar da boltejin batir domin samun caji.
(c) A raba wannan caji da ƙarfin ajiyar kowace kafasita domin samun boltejinta.
(d) A tara boltejin da aka samu, a ga ko sun dawo da na batir.

Misali na 2: An jera kafasita mai maikrofarad 3 da mai maikrofarad 6 a kan batir mai bolt 12.

1/C = 1/3 + 1/6 = 3/6, don haka C = 2 µF. Caji shi ne 2 × 12 = 24 µC. Boltejin ta farko 24 ÷ 3 = bolt 8. Na ta biyu 24 ÷ 6 = bolt 4. Idan aka tara 8 da 4 an sami 12.

Abin lura a nan shi ne ƙaramar kafasitar ce ta ɗauki babban kaso. Wannan yakan ba ɗalibai mamaki, domin hankali ya fi karkata ga cewa babba shi ke ɗaukar kaya mai nauyi. Misalin kwalba da daro shi ke warware matsalar: ruwa iri ɗaya aka zuba wa kowanne, amma a siririyar kwalba ya fi tashi.

Idan kafasitoci biyu ne kacal, akwai gajeriyar hanya, wato V1 = V × C2 ÷ (C1 + C2). A misalin da ya gabata, 12 × 6 ÷ 9 = 8. A lura cewa ƙarfin ajiyar ɗaya kafasitar ake sawa a sama. Idan kuwa kafasitocin girmansu ɗaya, raba daidai za su yi.

Misali na 3: An jera kafasitoci masu maikrofarad 2 da 3 da 6 a kan bolt 18.

1/C = 1/2 + 1/3 + 1/6 = 6/6, don haka C = 1 µF. Caji 1 × 18 = 18 µC. Boltejinsu zai zama 18 ÷ 2 = 9, da 18 ÷ 3 = 6, da 18 ÷ 6 = 3. Jimilla bolt 18.

4.0 Haɗin Gauraye

A cikin na'urori an fi samun haɗin nan biyu a gauraye. Dabarar ita ce a riƙa dunƙule kowane rukuni zuwa kafasita guda, har da'irar ta zama mai sauƙi, sannan a koma da baya ana warware ta.

Misali na 4: An haɗa kafasita mai maikrofarad 1 da mai maikrofarad 2 kafaɗa da kafaɗa, sannan aka jera wannan rukuni da wata mai maikrofarad 6, a kan batir mai bolt 9.

Rukunin kafaɗa da kafaɗa ya ba da 1 + 2 = 3 µF. Yanzu da'irar ta zama jerin 3 µF da 6 µF, wanda jimillarsa 2 µF ce. Caji 2 × 9 = 18 µC. Boltejin mai maikrofarad 6 shi ne 18 ÷ 6 = bolt 3. Na rukunin 18 ÷ 3 = bolt 6, kuma wannan bolt 6 shi ne a kan kowace ɗaya daga cikin biyun. Cajinsu 1 × 6 = 6 µC da 2 × 6 = 12 µC, jimilla 18 µC, daidai da abin da ake tsammani.

5.0 Iyakar Juriya

A jikin yawancin kafasitoci ana rubuta lambobi biyu: ƙarfin ajiya, da iyakar boltejin da za ta iya jurewa. Alal misali, a jikin kafasitar fankar sama akan ga 2.5 µF da 450 V. Idan bolteji ya zarce iyakar, shamaki yakan ɓule, lantarki ya ratsa shi, kafasitar ta kumbura ko ta fashe.

A haɗin kafaɗa da kafaɗa, mai ƙaramar iyaka ita ke yanke hukunci. Idan aka haɗa mai jure bolt 16 da mai jure bolt 50, haɗin gaba ɗaya bai fi ƙarfin bolt 16 ba.

A jerin gwano kuwa, akwai kuskuren da ake yawan yi na tara iyakokin ba tare da duba girman kafasitocin ba.

Misali na 5: Akwai kafasita mai maikrofarad 10 da mai maikrofarad 40, kowace tana jure bolt 16. An jera su a kan bolt 24, bisa zaton cewa 16 da 16 sun ba da 32, don haka babu haɗari.

1/C = 1/10 + 1/40 = 5/40, don haka C = 8 µF. Caji 8 × 24 = 192 µC. Boltejin ƙaramar 192 ÷ 10 = 19.2, na babbar 192 ÷ 40 = 4.8. Ƙaramar ta zarce iyakarta da bolt 3.2, alhali babbar ba ta kai ko sulusin tata iyakar ba. Domin a san iyakar haɗin ta gaskiya, sai a fara daga ƙaramar: idan ta kai bolt 16, cajinta 160 µC ne, boltejin babbar a lokacin 160 ÷ 40 = 4. Iyakar haɗin ke nan bolt 20.

Har wa yau, lissafin takarda yana ɗauka ne cewa kafasitoci cikakku ne. A zahiri, irin masu siffar gwangwani, waɗanda ke da ruwan sinadari a ciki, ƙarfin ajiyarsu yakan saɓa wa abin da aka rubuta da kusan kashi 20 cikin 100 sama ko ƙasa. Bugu da ƙari, shamakinsu yana ɗan yoyon lantarki. Idan aka bar su a jere na tsawon lokaci a kan batir, wannan yoyo ne zai koma yana tantance rabon boltejin, kuma wadda ta fi ƙarancin yoyo ita za ta tara kaso mai yawa. Saboda haka ne injiniyoyi suke ɗaura wa kowace kafasita rizisto mai girma iri ɗaya a gefenta, domin a tilasta rabon ya daidaita.

6.0 Gabatar da Darasin a Aji

Ɗalibin da ya riga ya koyi haɗin rizistoci yakan rikice a nan, domin ƙa'idojin sun juya. Rizistoci a jerin gwano ake tara su kai tsaye, kafasitoci kuwa a kafaɗa da kafaɗa ake tara su. Hadda kaɗai ba ta maganin wannan ruɗu. Abin da ya fi amfani shi ne malami ya saba wa ɗalibai da tambaya guda kafin su taɓa alƙalami: a wannan haɗi, me yake iri ɗaya, me kuma ya rabu? A kafaɗa da kafaɗa bolteji ɗaya ne, caji ya rabu. A jerin gwano caji ɗaya ne, bolteji ya rabu.

Da yake gani ya kori ji, yana da kyau a yi gwaji. Ana buƙatar batir mai bolt 9, da kafasitoci biyu masu maikrofarad 100 da 220 waɗanda iyakarsu ta kai bolt 16, da mitar awon bolteji. Da farko a tabbatar babu caji a jikinsu. Sai a jera su, ana kula da ƙafafunsu, domin irin waɗannan suna da zane a jikinsu mai nuna ƙafar ɗebewa, kuma juya su yana lalata su. Lissafi ya nuna ƙaramar za ta ɗauki kusan bolt 6.2, babbar kusan 2.8. Idan mita ta nuna ɗan saɓani, malami ya sami damar bayanin bambancin da ke tsakanin abin da aka rubuta a jikin kafasita da girmanta na zahiri.

Wajibi ne a taƙaita irin wannan gwaji ga ƙananan batura. Wutar gida a Nijeriya kimanin bolt 230 ce, ƙololuwar kaɗawarta kuma tana kaiwa kusan bolt 325. Manyan kafasitocin da ke cikin talabijin da inbata suna iya riƙe caji mai haɗari bayan an zare na'urar daga soket, don haka a gargaɗi ɗalibai kada su buɗe su.

7.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa ƙa'idar Q = C × V ita ce tushen dukkan lissafin. A haɗin kafaɗa da kafaɗa kowace kafasita tana ɗauke da cikakken boltejin batir. A jerin gwano ana nemo caji tukuna, sannan a raba shi da ƙarfin ajiyar kowace ɗaya, kuma mafi ƙanƙanta ita ke ɗaukar bolteji mafi yawa. Saboda haka ita ya kamata a fara dubawa kafin a jona wuta.

8.0 Auna Fahimta

1. Bayyana dalilin da ya sa caji yake zama iri ɗaya a haɗin jerin gwano.
2. An jera kafasitoci masu maikrofarad 4 da 12 a kan bolt 16. Nemo boltejin kowace ɗaya.
3. An haɗa masu maikrofarad 5 da 15 kafaɗa da kafaɗa a kan bolt 6. Nemo bolteji da cajin kowace ɗaya.
4. Kafasitoci biyu masu maikrofarad 20 da 60, kowace tana jure bolt 30. Mene ne bolteji mafi yawa da za a iya ɗora wa jerinsu ba tare da ɓarna ba?
5. Tsara ɗan gajeren darasi na minti 40 a kan wannan batu, ka kawo wani misali daga muhallin ɗalibanka wanda zai maye gurbin na kwalba da daro.